Hasken da ke gyara tumatir shi ke gyara wiwi: to ina laifin mai ba da shawara?



Mas'alar da zan tattauna da ku yau ƙarama ce a ido, amma ƙa'idar da ke ƙarƙashinta babu mai sana'ar da ba ta shafa ba. Ga surarta. Kana zaune a ƙasar da gwamnati ta yarda mutum ya shuka tabar wiwi a cikin gidansa. Maƙwabcinka ko abokin aikinka ya shuka ta a ɗaki, irin ya tsiro, amma tsiron ya tafi sama siriri, ya koɗe, yana langaɓewa kamar zai karye. Ya san kai hannunka na da albarka a harkar shuka, ya ga tumatirinka da alayyafonka a bakin taga. Sai ya ce maka: don Allah zo ka duba min, me ya sami abin nan, yaya zan gyara shi? Kai kuma ka san amsar sarai, domin irin ciwon da ke kama tumatirinka ne, maganin ma ɗaya ne. Shin za ka faɗa masa, ko za ka kame bakinka?

Kada wani ya ɗauka zancen teburin mai shayi ne. Uruguay ta halatta wiwi tun a 2013. Kanada ta bi sahu ranar 17 ga Oktoba 2018, dokarta ta ba kowane gida damar shuka har tushe 4, duk da cewa lardin Kebek ya hana shukar gida. Jamus kuma daga ranar 1 ga Afrilu 2024 ta yarda baligi ya shuka har tushe 3. A Kanada da Jamus sanyi yana da tsanani, rana kuma gajeriya ce a lokacin hunturu, don haka yawancin shukar a cikin ɗaki ake yin ta ƙarƙashin fitila. Muna da 'yan uwa da yawa da ke karatu ko aiki a can, wasunsu ma a shagunan sayar da ƙasar shuka da tukwane da fitilu suke neman abincinsu. A wajensu wannan tambaya ce ta yau da gobe, mai taɓa maƙwabtaka da albashi.

Bari mu fara fahimtar shi kansa ciwon tsiron, domin malamai sun ce hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar surarsa ne.

Kowane ƙwayar iri Allah ya ajiye mata ɗan guzuri a cikinta. Da wannan guzurin take tsirowa kafin ganyenta ya buɗe ya fara haɗa abinci daga haske. Idan tsiron ya fito ya tarar da haske wadatacce, sai ya rage gudun tsawo, ya buɗe ganye, ya yi kore, karansa ya yi kauri. Idan kuma ya fito ya tarar da duhu ko haske mai rauni, sai ya zuba duk guzurinsa wajen miƙewa, yana neman inda hasken yake. Shi ya sa za ka gan shi dogo, fari-fari, ganyen 'yan ƙanana, karan kamar zare. Duk wanda ya taɓa shuka wake a gwangwani a firamare ya ajiye shi a ƙarƙashin gado ya ga wannan da idonsa. Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a 1880 cewa kan tsiro ne ke jin haske, don idan aka rufe kan da ɗan murfi ba ya karkata wajen taga. Daga baya, a shekarun 1920, wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Frits Went ya tabbatar da cewa akwai wani sinadari da ke saukowa daga kan tsiron yana sa karan ya miƙe. Shi ne ake kira oksin. Zafi mai yawa tare da ƙarancin haske yana ƙara tsananta abin, haka ma cunkoso, domin tsiron da ke cikin inuwar ɗan'uwansa yana ji a jikinsa, sai ya shiga tsere da shi.

Maganin kuwa manomanmu na rani a Kadawa da Kura sun san shi tun ba su ji sunan oksin ba. Mai renon irin tumatir ba ya yafa iri a cunkushe, in ya cunkushe sai ya rage. Yana janye rumfar ciyawa da ya yi wa irin da zarar ya tsiro, don rana ta same shi. Yana barin iska ta kaɗa shi, domin karan da iska ke motsawa ya fi ƙwari. Ranar dashe kuma, in tumatir ya yi tsawo, sai ya binne karan ya yi zurfi, saboda tumatir yana fitar da saiwa a jikin karansa. Wannan shi ne ilimin gaba ɗaya. Babu wani sirri a ciki.

To a nan ne ƙullin yake. Ga shi yanzu na rubuta wannan bayani a bainar jama'a. Cikin masu karantawa akwai mai lambu, akwai uwargida mai shuka a bayan ɗaki, akwai ɗalibin aikin gona, kuma ba mamaki a sami wanda zai ɗauki maganar ya kai ta inda ban nufa ba. Shin na yi laifi da na rubuta? In ban yi ba, me ya bambanta ni da wanda ya shiga ɗakin maƙwabcinsa ya faɗi waɗannan kalmomin a kan tukunyar wiwi? Kalmomin ai iri ɗaya ne.

Kafin amsa, mu san matsayin ita wiwin. Limaman mazhabobi huɗu ba su yi magana a kanta ba, kuma Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya bayyana dalili: shanta bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7, a zamanin da Tatar suka ɓullo. Da ta yaɗu, malamai suka tashi mata. Imam Zarkashi ya rubuta littafi sukutum a kan haramcinta, mai suna Zahrul Arish fi Tahrimil Hashish. Malamin Malikiyya na Masar, Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684, ya yi mata bincike a cikin littafinsa Alfuruƙ. Ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai bugarwa tare da nishaɗi da jin ƙarfi kamar giya, mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai kwantarwa wanda ke ɗauke ji da gani. Shi a wajensa wiwi tana cikin kashi na biyu, don haka mai shanta horo ake yi masa gwargwadon abin da alƙali ya gani, kuma ba najasa ba ce. Ibnu Taimiyya kuwa ya ɗauke ta a matsayin giya, mai shanta haddi ne a kansa. Ku lura da inda saɓanin ya tsaya: a kan irin hukuncin da za a yi wa mai sha ne da batun najasa. Amma cewa shan abin da zai gusar da hankali daga cikinta haramun ne, a nan bakinsu ya zo ɗaya.

Yanzu mu zo kan taimako. Shi dai Imam Ƙarafin, a wannan littafi, ya yi wani rabo da ke warware mana ƙullin nan. Ya ce hanyoyin da ke iya kai wa ga haram iri uku ne. Akwai wadda al'umma ta haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rami a tsakiyar hanyar da mutane ke bi. Akwai wadda aka yi saɓani. Akwai kuma wadda al'umma ta haɗu a kan cewa ba a toshe ta, misalin da ya kawo kuwa shi ne noman inabi. Babu malamin da ya taɓa hana shuka inabi don tsoron kada wani ya yi giya da shi. Kowa ya san akwai inabin da zai ƙare a tulun giya, amma amfaninsa na halal ya rinjaya, kuma manomin bai san wane ne zai saya ba balle abin da zai yi.

Amma waɗannan malaman na Malikiyya da suka halatta gonar inabi, su ne suka haramta ka sayar da inabin ga mutumin da ka san matse shi zai yi ya yi giya. Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Khalil sun mai da abin ƙa'ida: duk abin da ka san mai sayensa saɓo ya nufa da shi, ba ya halatta ka sayar masa. Hambaliyya ma a kan haka suke. Inabin bai canja ba, kuɗin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne abin da mai sayarwa ya sani game da mutumin da ke tsaye a gabansa.

Wannan shi ne amsar tambayata. Bayanin da na yi a sama gonar inabi ne. Koyar da yadda tsiro ke neman haske a aji, ko a rediyo, ko a Facebook, ilimi ne mai amfani wanda galibin masu ɗaukarsa abinci za su noma da shi, kuma wanda ya karkatar da shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma ranar da mutum ya nuna maka tukunya ya ce wiwi ce, kuma sha zai yi, sai ka tsaya kana nuna masa inda zai sa fitila, to ka bar sahun manomin inabi ka koma sahun mai miƙa shi ga mai matsa. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakekeniya a kan alheri, ta hana mu ita a kan saɓo. Akwai kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa mutum goma da tsinuwa ta hau kansu a sha'anin giya. Cikin goman nan mutum ɗaya ne kaɗai mashayi. Sauran tara masu matsa ne, da masu ɗauka, da masu saye da sayarwa, da mai zubawa, da mai cin kuɗin. Ba ina cewa ka nuna wani da yatsa ka ce tsinanne ba ne. Darasin shi ne Shari'a ba ta kallon bakin da ya sha kaɗai, tana kallon duk hannun da abin ya bi kafin ya kai bakin.

Tunda hukuncin yana rataye da abin da ka sani, to halin mutum ba ya wuce uku.

Na farko, ka sani tabbas. Ya faɗa maka da bakinsa, ko ka ga ganyen da idonka ka gane shi. A nan babu wata kwana, ba ya halatta ka taimaka, da baki ne ko da hannu ko da aron kayan aiki.

Na biyu, ba ka da tabbas amma alamu sun taru har zatonka ya rinjaya. Malamai a babin mu'amala suna ba rinjayen zato hukuncin sani. Mutum ne ka san mashayi ne, ya sha ba ka labarin burinsa na noma tasa, yau kuma ya zo yana tambaya a kan wani tsiro da ya ƙi faɗin sunansa. Kada ka yaudari kanka da cewa ai bai faɗa ba. Zuciyarka ta riga ta gaya maka.

Na uku, ba ka san komai ba. Wani ne ya shigo shagon da kake aiki ya ce tsironsa ya yi tsawo ya raunana, yana son fitila. A nan asali shi ne halacci. Sayar masa, ka ba shi shawara, kuma ba a ɗora maka ka yi masa tambayoyin 'yan sanda ba. Suratul Hujurat ta hana mu yawan zato da bin diddigin mutane, Bahaushe ma ya ce zato zunubi. Ina jaddada wannan ne saboda akwai masu tsananin da in sun ji irin wannan karatu sai su fara kallon duk mai gashi a tsaye da jan ido a matsayin ɗan wiwi. Wannan zalunci ne. Fitilar shuka tana raya latas da na'ana'a da furanni, kuma mafi yawan masu sayenta abin da suke so kenan. Sai dai in shagon gaba ɗaya an kafa shi ne don masu noman wiwi, da hotonta a ƙofa da irinta a kan kanta, to wannan ba ya cikin kashi na uku, kuma ya kamata Musulmi ya fara neman wani aikin.

Na san akwai masu ja, kuma jayayyarsu ba ta banza ba ce. Bari mu saurare su.

Wani zai ce: Malam, ko na faɗa ko ban faɗa ba, minti biyu ya ishe shi ya samo amsar a YouTube. Shiruna bai hana komai ba, sai dai ya ɓata min zumunci. Gaskiya ne, mai yiwuwa shirunka ba zai kashe tsiron ba. Amma ba a ɗora maka kashe tsiron ba. Abin da aka ɗora maka shi ne kada hannunka ya shiga. Da wannan hujja tana aiki, da babu wani mai taimakon ɓarna da zai taɓa ɗaukar alhaki, domin kusan kullum akwai wani da zai yi in kai ba ka yi ba. Maƙerin da aka ce ya ƙera wuƙa don a je a soki wane, ba zai kare kansa da cewa ai akwai wasu maƙeran a kasuwa ba. Ranar hisabi kowa littafin aikinsa za a ba shi. Ba za a tambaye ka me YouTube ya koyar ba.

Wani zai ce: ai dokar ƙasar ta halatta, kuma an ce mu girmama dokar inda muke zaune. Haka ne, kuma girmama dokar shi ne ya sa ba za ka fasa masa tukunya ba, ba za ka yi masa barazana ba, ba za ka hana shi abin da hukumarsu ta ba shi dama ba. Amma dokar Kanada ko ta Jamus izini ta bayar, ba ta wajabta wa kowa ya shuka ko ya taya wani shukawa ba. Giya ma halal ce a dokarsu, da caca, amma ba mu taɓa jin wanda ya fahimci cewa dole Musulmi ya taya su haɗa giya ba. Halaccin doka yana ɗauke maka tsoron kotu ne kawai.

Wani mai karatu kuma zai ce: an ruwaito daga Imam Abu Hanifa cewa babu laifi a sayar da ruwan inabi ga wanda zai mai da shi giya. Tabbas wannan magana tana cikin littattafan Hanafiyya. Amma ku dubi dalilin da suka bayar: a lokacin ciniki ruwan inabin halal ne, ana iya shan sa haka nan ko a yi ruwan tsami da shi, kuma saɓon bai faruwa sai bayan ya canja ta hanyar aikin wani da zaɓinsa. A mas'alarmu kuwa ba wani abu ka sayar wanda zai iya tafiya dama ko hagu ba. Kai ne ka sa iliminka kai tsaye wajen raya ainihin abin da mai shi ya ce maka sha zai yi. Wannan ya fi kusa da mai matsa fiye da mai sayar da ruwan. Ga shi kuma jamhurun malamai ba su tafi a kan waccan fatawar ba ma tun asali.

Akwai kuma mai tausayi da zai ce: shi tsiron me ya yi? Halittar Allah ce, tana tasbihi, ga ta tana mutuwa. Ba an kwaɗaitar da mu shuka ba? An kwaɗaitar ƙwarai, har Imam Ahmad ya ruwaito hadisin da ke umartar mutum ya dasa ɗan dabinon da ke hannunsa ko da Alƙiyama na shirin tsayuwa. Kuma tsiron wiwi a kan kansa ba shi da zunubi, ba najasa ba ne a wajen Malikiyya, Allah ne ya halicce shi kamar yadda ya halicci inabi. Amma hadisin Bukhari da Muslim da ya yi bayanin ladan mai shuka ya rataya ladan ne da amfanin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka samu. A ɗakin nan rayuka biyu ne a gabanka, tsiro da mai tsiron. In tausayin ɗaya zai cutar da ɗayan, ai ba sai an gaya maka wanda ya fi cancanta ba. Kiyaye hankali yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo don kare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya.

Adalci kuma ya sa in faɗi inda hukuncin ke canjawa, don kada a ɗauka gaba muke yi da ganye. Wannan tsiro yana da wani nau'i da ake nomawa don zarensa da mansa, kamar yadda muke noma rama, ana yin igiya da tufafi da takarda da shi. Sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC, kaɗan ne ƙwarai a cikinsa. Amurka a dokar noma ta 2018 ta sa iyakarsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari. Akwai kuma ɓangaren magani. A watan Yuni na 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, maganin da aka samo daga wannan tsiro don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Maroko, ƙasar Musulmi 'yan Malikiyya irinmu, ta yi doka a 2021 da ta halatta nomansa don magani da masana'antu ƙarƙashin lasisi, ba don sha ba. Masanin aikin gona da ke aiki a irin wannan gona mai lasisi, a ƙasar da doka ta yarda, ƙarƙashin kulawar likitoci da hukuma, hukuncinsa daban ne, domin manufar ta canja. Ka ga ƙa'idar ba ta motsa ba: abin da ka sani game da inda aikinka zai ƙare shi ne ma'auni. Sai dai a kiyaye, kalmar magani ta zama mayafin da kowa ke yafawa. Wanda ya rubuta wa kansa magani, ya zama shi ne likita shi ne majinyaci shi ne mai kemis, bai shiga wannan rangwamen ba.

Saura yadda za a ƙi. Da yawanmu mun iya gane haram, amma ba mu iya ƙin ta cikin mutunci ba. Ko dai kunya ta kama mu mu yi abin, ko mu yi ƙarya mu ce ba mu sani ba, ko mu ɗaure fuska mu yi wa mutum wa'azin da bai tambaya ba. Duk ukun akwai gyara. Ƙarya dai haramun ce, ba a gudun wani saɓo a faɗa wani. Abin da ya fi shi ne ka faɗi gaskiya a taƙaice da sakin fuska: ɗan'uwa, ka san ina ganin girmanka, amma addinina bai ba ni damar sa hannu a wannan ba, kamar yadda ba na taɓa giya. In tumatir ne ko barkono, kira ni ko da tsakar dare ne. Mutanen waɗancan ƙasashe galibi suna girmama wanda ya faɗi iyakarsa a fili. Bayan haka kada ka yanke gaisuwa, kada ka daina kai masa abincin salla, in ya yi rashin lafiya ka duba shi. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi don tukwane huɗu ba. In kuma Musulmi ne, to yana da ƙarin haƙƙin nasiha a kanka, a keɓe, ba a zauren WhatsApp ba. Sau da yawa abin da ya kai mutum ga wiwi a baƙuwar ƙasa kaɗaici ne da damuwa da rashin barci. Wanda ya ƙi gyara masa tsiro amma ya zauna ya saurare shi, ya raka shi wajen likita in da buƙata, ya yi masa abin da ya fi gyaran tsiron.

Mu da ke gida Najeriya kada mu ce wannan karatun 'yan Turai ne. Mu a nan shuka wiwi laifi ne a doka, a ɗaki ne ko a daji, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana kamawa, hukuncin kuwa ɗauri ne mai tsanani. Amma duk da haka, binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ce. Yawancin nomanta a dazukan kudu ake yi, irin su Ondo da Edo. To ta yaya take isowa lungunanmu? Ai ba tashi take yi sama ba. Akwai direban da ya san abin da ke ƙarƙashin buhunan da ya ɗauko. Akwai mai gidan da ya san abin da ake yi a shagon da ya ba haya, amma kuɗin haya ya rufe masa baki. Akwai mai kemis da ya san yaron nan ba tari yake yi ba. Akwai mai kuɗin da ke tara matasa lokacin zaɓe ya ba su na kashewa, alhali ya san abin da za su saya. Da yawansu ba su taɓa sa wiwi a baki ba, wasu ma sahun farko suke salla, kuma su ne kan gaba wajen zagin 'yan shaye-shaye. Kowannensu yana da amsar da ya tanada: ni sana'ata nake yi, in ban yi ba wani zai yi. Amsar da muka gama warwarewa ce a sama.

Don haka kowa ya duba sana'arsa. Mai ilimi ya ci gaba da koyarwa a fili ba tare da waswasi ba, mai shago ya ci gaba da ciniki ba tare da zargin bayin Allah ba. Amma duk ranar da ka san inda taimakonka zai sauka, to daga wannan lokacin kana da kaso a cikin abin, alheri ne ko sharri.

Allah ya tsare mana hankulanmu da na 'ya'yanmu, ya shiryi waɗanda aka jarrabta da shaye-shaye ya yaye musu, ya ba 'yan uwanmu da ke baƙuwar ƙasa abinci na halal da ƙarfin zuciyar tsayawa a kan gaskiya. Wanda yake da tambaya ko gyara, ƙofa a buɗe take.

Allah ne mafi sani.